Muryar Mai Shela

Ƙofar Sauri, Katsina.
6 ga Fabrairu, 1977.

Zuwa ga Yaya Sammani,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, yaya Ikko da aikin tashar jirgin ruwa? Inna tana gaishe ka. Baba ma ya ce a gaishe ka, amma sai da na kai kunnena bakinsa sannan na ji.

Wata huɗu ke nan muryarsa a dishe. Jiya na zaunar da shi a tsakar gida na duba shi yadda nake duba kowa a asibiti. Na danne harshensa da cokali, na haska tocila. Babu mura, babu zazzaɓi, babu mugunya. Na shafa wuyansa, na ji ƙululu a ƙarƙashin muƙamuƙin hagu, ya kai girman goro, mai tauri, ba ya motsi, ba ya zafi. Tuwo ba ya wuce masa sai koko. Na tambaye shi karan sigari nawa yake sha a rana, ya ce kwali biyu, cikin wadda kake aiko masa.

Abin da ya fi ɓata mini rai, na nemi belinsa na rasa. Ashe da ka zo Babbar Salla kai ka kirawo Gwadabe wanzami ya yanke shi, wai shi ya sauko ya toshe murya. Ƙanwarka shekararta tara tana aikin jinya, ba ka ga ta isa a tambaye ta ba.

Likitanmu ya gan shi, yana zargin ciwon daji, ya rubuta takarda zuwa babban asibitin Zariya. Baba ya ce ba ya zuwa ko'ina sai babban ɗansa ya ce a je. Ka rubuto ka ce a je. Ka kuma daina aiko da taba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Safara'u.

Apapa, Ikko.
2 ga Maris, 1977.

Malama Nas,

Gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Na ga takardarki, na kuma ga inda boko ya kai mu: 'ya ta sa ubanta ya wangame baki ta danna masa cokali.

Ki tuna shekara arba'in Baba yana cusa taba gari da kanwa a kunci yana tofe bangon zaure. Ni na raba shi da ita. Na ba shi sigari ta ƙasar waje, mai auduga a gindi da ke tace hayaƙi, irin wadda manyan ma'aikata ke sha. Likitan wurin aikinmu ma ita ce a aljihunsa. Ko kin fi shi karatu?

Beli kuwa, ni da ke duk Gwadabe ya cire mana muna jarirai, ga mu raye har muna da bakin faɗa. Na Baba ne aka bari tun haihuwa.

Na san abin da ake yi wa irin wannan ciwo. Akwai wani direba a nan da aka yi wa aiki, ya dawo da huji a wuya, sai nuni da hannu kamar bebe. Baba mai shela ne. Shekara talatin da muryarsa mutanen unguwarmu ke sanin an ga wata ko za a yi allurar rigakafi. Ita kike so in sa baki a yanke? Ki ba shi zuma da citta. Ina nan tafe da damina.

Ki gaida Inna.
Yayanki, Sammani.

Ƙofar Sauri, Katsina.
14 ga Maris, 1977.

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya.

Ka ce na yi rashin kunya. To, kunyar ce ta cuce mu. Tun watan farko na ji muryar ta canja. Da baƙo ne a asibiti, a ranar zan shafa wuyansa. Amma Baba ne, na kasa ɗora masa hannu, na sayo masa maganin tari na ajiye a ƙofar ɗakinsa. Kowace Talata ina tsayawa gaban masu jiran likita ina cewa duk muryar da ta dishe fiye da mako uku a kawo a duba, musamman ta mai shan taba. Ina faɗa wa mutanen Batagarawa da Rimi, ban faɗa a gidanmu ba. Wannan laifina ne, na ɗauka. Kai ma ka ɗauki naka.

Audugar da kake taƙama da ita ba ta hana hayaƙi bi ta maƙogwaro. Taba gari mugun abu ce, sigari ma haka. Likitanku kuwa yana da nasa wuyan.

Ka san me ya sa Baba ya ƙi bari? Ba daɗinta ba ne. A majalisa yake fito da kwalin ya juya shi kowa ya gani, ya ce, "Ta ɗana ce na Ikko."

Ranar Jumma'a ya fita shelar wata akuya da ta ɓata. Ya tsaya bakin masallaci ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Wani mai faci ya ce, "Malam Almu, ko asiri kake gaya mana?" Aka yi dariya. Washegari mai unguwa ya ba wani aikin.

Ba zan yi maka ƙarya ba. In an je Zariya yana iya rasa muryar. In ba a je ba zai rasa muryar, ya rasa numfashi. Ƙululun ya kai ƙwan kaza yanzu. Ba zai jira daminarka ba.

Allah ya bar zumunci.
Safara'u.

Apapa, Ikko.
20 ga Afrilu, 1977.

Safara'u,

Ina gaishe ki. Takardarki ta yi wata guda a aljihuna. Na je na nemi direban nan. Na tarar da shi a ƙofar gidansa yana cin tuwo, jikarsa a cinyarsa. Matarsa ta ce shekara shida ke nan da aikin.

Ki karanta wa Baba wannan kamar yadda na rubuta: Baba, ka bi Safara'u Zariya. Ni na ce. Kwalayen da suka rage kuma ka ba ta ta ƙona.

Aiki ya riƙe ni, jirage sun yi layi a teku. Zan nemi hutu.

Yayanki, Sammani.

Zariya.
19 ga Mayu, 1977.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri.

An yi aikin ranar Litinin. Yana raye. Sun cire maƙogwaron duka. Likitan ya ce da a Fabrairu muka zo, da wataƙila an bar masa rabi.

Ana gobe za a shiga da shi ya ce yana son magana da kai. Na kai shi inda ake buga tarho, muka zauna tun hantsi har la'asar, layin Ikko bai shiga ba. Da muka koma ya jawo kunnena ya gaya mini abin da yake so ka ji. Ka san bai iya rubutu ba, ko na ajami. Maganarsa ta ƙarshe ke nan a duniya, kuma taka ce.

Ba zan sa ta a takarda ba. Muna ɗakin maza, gado na huɗu daga ƙofa. Ka zo ka karɓa.

Ƙanwarka, Safara'u.