A Bar Ni In Yi wa Baba Guɗa

Zuwa ga Shugabar Zauren Kiɗa da Zane na unguwarmu, a nan Bronx.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da ma'aikatanki, har da dogon mai gadin nan da ya riƙe mini hannu. Sunana Hajara, mutuniyar Maraɗi, ina zaune a Morrisania, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Ni ce matar da aka fitar daga zaurenku ranar wata Lahadi da la'asar, a ƙarshen sanyin da ya wuce, sannan aka aika wa kamfanin da nake yi wa aiki takarda cewa kada in sake taka ƙofarku. Da Hausa nake rubuta wannan, don da ita na yi laifin. Ɗiyata za ta juya miki ita zuwa Turanci, kuma na roƙe ta kada ta rage komai.

Na farko, ina so ki san wanda na kawo muku. Tsohon da ya yi busa a ranar kin san sunansa, yana kan allonku da manyan baƙaƙe. Ni Baba nake ce masa. Shekara uku ke nan ina yi masa wanka, ina dafa masa abinci marar gishiri yana mita, ina tura kekensa. Ƙafafunsa sun gaji, ƙirji ma ya fara gajiya, amma kullum bayan azahar sai ya sa na ɗauko masa ƙahon nan na tagulla mai lanƙwasa da ake cewa saksofon. Ranar da na fara jin kiɗan jaz a bakinsa, ce masa na yi a garinmu in mai algaita ya yi haka sai an tambaye shi ko lafiya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce waƙar ba ɓata ta yi ba, yawon shan iska ta tafi.

A hankali na saba. Ina ninke kaya, rana ta kwanta a kan darduma, busar ta fita ta taga ta bi saman rufin gidaje, ni kuma in bi ta ban sani ba. Sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu, Inna tana daka, kaji na tsintar gero a gindin turmi, ƙasa na ƙamshin ruwan farko. Ba na dawowa New York sai butar shayi ta yi kuka. Wata rana ina wanke kwanuka ina rera waƙar dakan Inna ƙasa-ƙasa, ya ce in maimaita. Na maimaita sau uku. Bayan 'yan makonni sai na ji waƙar ta fito daga ƙahonsa, ya ja ta nan, ya lanƙwasa ta can, amma ita ce. Na zauna a bakin gado na yi kuka, don Inna ta rasu ina nan, ban samu zuwa jana'iza ba.

Na biyu, abin da na gani a zaurenku kafin Baba ya hau. Wata baiwar Allah cikin jar riga ta yi ta zagaya tebura tana waƙa tana tsokanar maza, aka yi ta dariya. Bayanta wani mai gemu ya fito ya ja kujera a kan katako daga wannan bango zuwa wancan, ya yayyaga takarda a gaban makirfo, ya tsaya shiru har na ɗauka ya manta abin da ya kawo shi. Ni da farko ɗauka na yi gyaran wuri yake. Da ya sunkuya aka kaure da tafi, ni ma na tafa. Ba ba'a nake yi ba, ranki ya daɗe. Baba ya taɓa gaya mini cewa a irin wannan zaure kowa da sautin da Allah ya ba shi yake zuwa, kuma na yarda da shi.

Na uku, abin da na yi, kuma ba zan musa ba. Baba ya rufe ido ya fara waƙar Inna. Fitilu suka dushe, zauren ya yi tsit, na ji kamar kujerata ta tashi da ni. Da ya kai wani wuri ya ja numfashi mai tsawon da ban san yana da sauransa ba, sai kawai na ji na miƙe na rangaɗa guɗa. Na taka har gabansa, na ciro dala ɗaya daga bakin zanena, na liƙa masa a goshi. A wurinmu haka ake yi. Makaɗin da ya taɓa zuciya ba a bari sai ya gama a tafa masa, nan take ake yi masa guɗa da liƙi yana cikin gumi, don ya san saƙonsa ya isa. Wanda ya zauna shiru a irin wannan lokaci shi ne ake wa kallon marar kirki.

Kafin in juyo mai gadi ya kama hannuna. Daga baya na ji cewa ana ɗaukar kiɗan a faifai, kuma akwai sanarwa da Turanci a bakin ƙofa. Ban gan ta ba, ina fama da keke da tulun oksijin. A kan titi na ƙarasa jin waƙar uwata ta cikin bango, babu ko rigar sanyi, don tana rataye a bayan kujerata. Wannan na haƙura da shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardarku, inda aka rubuta wai na taɓa mai wasa ba da izininsa ba. Ni da nake yanke masa farcen ƙafa. Saboda wannan layi saura kaɗan kamfani ya ɗauke ni daga gidansa, sai da Baba ya buga musu waya da kansa.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Kun sake gayyatarsa a wannan kaka, na gode muku. Likita ya gaya mana gaskiya game da ƙirjinsa, kuma Baba ya san ba lallai ne ya ga gayyata ta uku ba. Kamfani ya ce ranar za a turo wata ta raka shi, tunda ni an hana ni shiga. Baba dai ya ci gaba da gwaji kullum bayan azahar. Sai dai yanzu idan ya kai tsakiyar waƙar yakan cire ƙahon daga baki ya tsaya. Ranar farko na ɗauka numfashi ne ya yanke, na ruga zan ɗauko oksijin. Ya ɗaga mini hannu, ya nuna mini takardar kiɗansa inda ya bar fili da fensir, ya ce, "Nan wurinki ne, Hajara." Wai guɗar ta faɗo daidai inda ya daɗe yana neman abin sawa bai samu ba.

Don haka ga roƙona. A janye takardar nan, a kuma goge maganar taɓawa daga cikinta. A ba ni kujera kusa da kekensa. Liƙi na yi alkawari zan riƙe shi a hannu har sai an kashe na'urar ɗaukar kiɗa. Guɗa kam ba zan yi miki alkawarin da na san ba zan cika ba.

Idan kuma kin ga ba zai yiwu ba, zauren naku ne. Zan yi masa wanka, in goge masa kwat ɗinsa, in kawo shi har ƙofa in miƙa keken. Zai hau ya busa, zai kai wurin nan ya cire ƙahon ya juyo yana duba kujeru. Ban san tsawon lokacin da zai jira ba. Baba yana da haƙuri, amma ƙirjinsa ba shi da shi.

Allah ya ƙara wa zaurenki albarka, ya tsare ki da iyalinki, ya ba mai gadinku lafiya, ya kuma haɗa ki da mai tsaya miki ranar da ƙarfi ya ƙare.

Wassalam.

Hajara, mai kula da Baba,
Morrisania, Bronx.