Hanjin da Ya Ƙi Motsi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya cikin Inna? Allah ya sa kumburin ya sauka. Ni jikina lau, zuciyata ce take tafasa.

Kin san shekara biyu ke nan ina fama da hanjin ɓera a ɗakin bincike, har kike kirana mahauciyar ɓeraye. Nakan yanko hanjin kamar tsawon gaɓar yatsa, in ɗaure shi da zare, in rataye shi cikin ruwan gishiri mai ɗumin jiki. Sai in ɗiga masa serotonin, wani sinadari da hanjinmu yake yi da kansa. A jikin hanjin akwai 'yan ƙofofi masu karɓar sinadarin. Da sun karɓa sai naman ya tsuke, zaren ya ja, layi ya tashi a allon kwamfuta. Irin wannan tsukewar ce take tura abinci gaba. Na bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, na ga wadda in an toshe ta motsin yake raguwa. Saboda wahalar Inna na fara, ke shaida ce.

To, jiya takardar binciken ta dawo daga ofishin Farfesa, shugaban sashenmu. Ni na rubuta ta daga farko har ƙarshe, amma sunansa ne a sama, shi kaɗai. Nawa yana can ƙasa, cikin waɗanda aka yi wa godiya don wanke kwalabe. Mutumin da bai taɓa ɗaure zare ɗaya ba! Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito. Ban yafe ba, Yaya, kada ma ki fara mini wa'azi.

Ki gaishe da Inna, ban da wannan labari.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wasiƙarki ta iso. Haƙurin da kika aiko mai yawa ne, na ajiye shi sai wani lokaci.

Ran Laraba masu tantance bincike za su zo, suna son ganin gwajin da idonsu kafin a buga takardar. Farfesa ya ce shi zai yi da hannunsa. Nawa in rataya hanjin, in koma wajen famfo, kada in buɗe baki. Na ce to, har da risinawa.

Ga abin da bai sani ba. Ƙofofin nan suna gajiya. In ka ɗiga sinadarin, dole ka wanke hanjin sau uku da sabon ruwa, ka jira minti goma, sannan ka ƙara. In ka yi gaggawa sai su rufe ruf, ko kwalbar duka ka juye ba za su kula ka ba. Wata uku na ɓata kafin in gane haka. Ban ɓoye ba, yana nan ɓaro-ɓaro a shafi na huɗu na takardar da ya ce tasa ce. Na dai san shi, ba ya wuce shafin da sunansa yake.

Ba zan taɓa komai ba, wallahi. Zan ba shi hanji mafi lafiya da na taɓa ratayawa, in yi shirun da ya ce in yi.

Taki har kullum,
Auta

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ki gyara zama.

Ɗigon farko layin ya tashi cak, Farfesa ya gyara tabarau yana ta zuba bayani. Bai wanke ba, bai jira ba, ya ɗiga na biyu. Layin ya ɗan ɗaga da ƙyar. A na uku ko gezau. Ya ninka sinadarin, ya sake ninkawa, hanji ya yi lamo abinsa. Ya zargi kwamfuta, ya zargi ɓeran, gumi yana bin wuyan rigarsa. Ni ina wajen famfo ina wanke kwalba ɗaya tal, har ta kusa hujewa.

Shugabar masu tantancewar, wata dattijuwa marar yawan magana, ta buɗe shafi na huɗu, ta tambaye shi minti nawa ake jira tsakanin ɗigo da ɗigo. Ya yi ta kame-kame. Ta tambayi wanda ya ɗaure zaren, ido duk ya dawo kaina.

Na goge hannu na zo. Na wanke hanjin sau uku, na ce sai mun jira. Farfesa yana tsaye gefena, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Da na ɗiga, layin ya haye har saman allo. Dattijuwar ta yi mini tambayoyi na kusan awa guda, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta ce ba za a buga takardar ba sai da sunana a farko, shi kuma ya yi musu bayani a rubuce.

Yanzu kina iya gaya wa Inna. Sai dai akwai abin da ke kaɗai zan faɗa wa, kuma ban yi nadama ba. Minti goma sun ishi hanjin nan, Yaya. Ashirin da biyar na bar Farfesa a tsaye.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta