Zanen Mama a kan Amfilifaya

Tunga, Minna
9 ga Nuwamba, 2009

Zuwa ga Yaya Victor,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da iyali a Fatakwal. Allah ya ƙara maka ƙarfi. Mu nan kowa lafiya, ƙafar Baba ta yi sauƙi, shirin bikin ƙanwarmu Purity kuma ya kankama.

Yaya, amfilifayar nan, na'urar ƙara sautin jita da ka aiko wa Eric, ta kusa raba gidan nan. Ka san ƙanenka, a wurinsa maɓallin da ba a murɗe shi ƙarshe ba asara ne. Wai kiɗan rok mai sanyi yake nema, irin na ƙananan ƙungiyoyin Turawa, amma abin da ke fitowa kamar ana yankan kwano. Baba ya ce muddin yana numfashi ba za a kaɗa wannan abin a bikin 'yarsa ba, har da kai ya haɗa a faɗan. Eric kuwa wata biyu yana shirya wa Purity waƙa. Ya daina cin abinci sosai, ni ma na ji tausayinsa.

To, ka san Mama ba ta barin kayan wuta tsirara, ko rediyo sai ta yi masa mayafi. Ran Asabar ta ɗauko zanen saƙin nan mai kauri da maƙwabciyarmu Rahmatu ta kawo mata daga Bida, ta lulluɓe amfilifayar har gaban lasifika. Eric ya shigo da sauri, bai cire ba, ya jona jita ya taɓa. Sai ga sauti mai taushi da ɗumi, tsinin nan duk ya tafi. Ina tsakar gida na ajiye wanki.

Nan ya gane tsinin sautin ne ya yi yawa. Ya cire zanen don kada na'urar ta yi zafi, ya rage maɓallin siririyar murya zuwa rabi, ya sauke wanda ke sa sauti ya dushe, ya tura ɗan makunnin jikin jitar wajen wuya, ya sassauta hannu. Kowace tsirkiya ta fito tas.

Baba na baranda da jarida a hannu, har aka gama bai juya shafi ba. Daga baya ya tambaye ni wace tasha ce muka kunna. Da na faɗa masa Eric ne ke kaɗa jita, sai ya ce da wannan kiɗan zai shigo da Purity coci. Ya goge ido, wai hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba. Mama kuwa ta bi layi tana shelar ita ta gyara.

Ka gaida iyalinka, Anti Mabel da Favour. Baba ya ce ya janye faɗan da ya yi maka, amma ka zo da wuri, ya tanadar maka kujera kusa da lasifika.

Taka ƙanwa,
Alice Gaiya