Rediyona da na Waldek

Litinin, 4 ga Maris

Yau suka juya. Tun ƙarfe takwas na safe 'yan kwana-kwanan gundumarmu suka bar tsohon tsarin oba-oba suka koma dijital. Na kunna rediyon sauraro na kan firji, na kai shi tasha ta huɗu, babu abin da ke fita sai "drrrr", kamar keken ɗinkin matata Halina in zare ya harɗe. Shekara goma sha tara yana kamo min duk maganar da motocin kashe gobara suke yi da ofishin gunduma. Yau gurnani kawai yake min.

Halina ta ce ko dai in yi maganinsa, ko ta kai shi ɗakin ajiyar dankali. Akwai maɓallin da ke sa ya tsallake tasha. Na danna. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina tuƙa motar kashe gobara ta 'yan sa-kan ƙauyen nan, ni na toshe tasha ta huɗu da yatsana.

Ba labarin gobara nake jin takaicin rasawa ba, jiniya ma ta ishe ni wannan. 'Yata Jagoda ce. Tun da ta shiga 'yan sa-kai tana da shekara sha tara muka yi wata yarjejeniya. Ba a yarda a yi maganar gida a tashar aiki ba, to sai na ce mata in sun dawo gareji ta gama ba da rahoto, ta danna maɓallin oba-oba sau biyu ba tare da ta ce komai ba. Ƙas, ƙas. Ma'ana: Baba, na dawo da ƙafafuna. Shekara tara ba ta taɓa mantawa ba. Ko uwarta sai daga baya ta sani.

Alhamis, 7 ga Maris

Abin da ya rage min: direbobin jirgin ƙasa da masu kula da daji. Yau wani ya yi minti goma yana cigiyar tarakta.

Lahadi, 10 ga Maris

Waldek, ƙanin Halina, ya zo cin romon kaza da wani abu a aljihun kwat. Bai iya bari an gama zuba taliya a romon ba ya fito da shi ya ajiye kusa da gishiri. Baƙi, da allo mai launi. Na dijital. Daga Jamus aka aiko masa.

"Suruki, taɓa mana, ba ya cizo," in ji shi.

Na ce hannuna da maiƙo.

Mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana shimfiɗa tayil a banɗakunan mutanen Norway, wanda bai taɓa riƙe tiyo ba sai na ba tumatir ruwa. Shi ne yake yi min bayanin tashoshi. Wai nasa yana kama tsohon tsari da sabo duka, wai har lambar wanda ke magana yake nunawa. Ya sa wa lambar motarmu suna, in ta yi magana sai allo ya rubuta JAGODA. Ita kuwa ta karɓa tana juyawa tana dariya, "Kawu, ni dai ban gani ba, kada shugabanmu ya ji." Ta daɗe da shi a hannunta.

Kishi nake yi. Na rubuta a nan tunda ba mai karantawa.

Asabar, 16 ga Maris

An fara ƙona busasshiyar ciyawa a gonaki kamar kowace shekara, duk da tara da wa'azin limamin coci. Jiniya sau biyu yau. Na tsaya a taga na ga motar ta wuce, ban san ina ta nufa ba.

Da yamma na je kanti sayen burodi. Da can Celina mai kanti ni take tambaya cikin girmamawa, "Pan Leszek, ina ne wuta ta kama?" Yau ina tsaye a gabanta da burodi a hannu ta leƙa ta kan kafaɗata ta ce, "Pan Waldek, ina ne?" Ya gyara tsayuwa ya karanto mata: bayan tsohon injin niƙa, mota biyu, ba wanda ya ji ciwo. Sai ya juyo, "Suruki, kwantar da hankalinka, na ji muryarta, lafiyarta ƙalau."

A bakin Waldek zan ji lafiyar 'yata. Na manta canjina a kan kanta.

Laraba, 20 ga Maris

Na zauna da wayar Halina ina karanta abin da masu wannan harka suke rubutawa. Kowa da tasa. Wasu sun ce tsohon tsari ya mutu, a daina ɓata lokaci. Wasu sun ce na dijital ma iri-iri ne, in ka sayi wanda bai dace da na gundumarku ba ka sayi bulo. Wani kuma ya ce a garinsu wata shida da juyawa aka kulle maganar, sai mai mabuɗi ke ji, kuma babu rediyon da ke buɗe ta ko nawa ka saya.

Abu ɗaya na yarda da shi. A tsohon tsari, in mota ta shiga kwari murya takan yi ƙasa ta cika da shuuu, amma kana tsintar kalma ɗaya-biyu, ka san mutum yana numfashi. A dijital ko ka ji tas ko ka ji shiru. Ni a wurina wannan ba ci gaba ba ne.

Kuɗin rediyon dijital ɗin zuloti dubu biyu da ɗari shida ne. Halina ta ga farashin ta ce, "Tsoho, gidan Waldek tsallaken titi ne, kuma shiga kyauta."

Juma'a, 22 ga Maris

Na tambayi Jagoda ko za su kulle maganar. Ta ce ana cewa wataƙila a kaka, ba wanda ya tabbatar. Na ce to me ya sa tun farko ba su ƙi canjin nan ba. Ta ce ba 'yan sa-kai ake tambaya ba, kuma gaskiya sabon ya fi, yanzu suna jin juna har cikin dajin Olszanka. Na ce mu da muka yi da tsohon ai ba mu mutu ba. Ta ce, "Baba, kada mu fara." Muka fara. Ta tafi ba ta sha shayinta ba.

Ban yi mata maganar danna biyu ba. Me zan ce? Abin da ya wuce ya wuce.

Asabar, 30 ga Maris

Jajibirin Ista. 'Yan kwana-kwana sun tsaya gadin kabarin Yesu na kwaikwayo da ake shiryawa a coci, Jagoda a dama, hular tagulla a kanta, ko ƙyaftawa ba ta yi. Waldek ya zungure ni da gwiwar hannu, "Dubi 'yarmu."

'Yarmu. Don ya riƙe ta ranar baftisma minti biyar, kuma ko a ranar sai da ya kusa sakin ta.

Talata, 2 ga Afrilu

Na yi odar rediyo. Wanda ya fi nasa da mataki ɗaya.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Ya iso. Na ɗauko shi daga akwatin saƙo na gefen kanti, na zaga ta bayan coci don kada in bi ta ƙofar Waldek. Ina da kwana goma sha huɗu in mayar in ban so ba. Yana cikin kabad ƙarƙashin rigunan sanyi, ban yanke tef ɗin ba.

Matsalar ita ce sai an haɗa shi da kwamfuta an zuba masa tashoshi. Mutum ɗaya ne ya iya wannan a ƙauyen nan. Gara in ci kwalin.

Laraba, 10 ga Afrilu

Zan rubuta yadda abin ya faru tun ban gyara shi a kaina ba.

Jiniya da ƙarfe ɗaya da kwata na rana. Iska mai ƙarfi tun safe. Kafin biyu hayaƙi ya rufe wajen Olszanka, baƙi, ba irin na ciyawa ba. Na san wuta ta shiga itatuwan fayin. Motocin ƙauyuka uku suka wuce, sannan motar asibiti. Na kira wayar Jagoda duk da na san wayar tana cikin kabad a gareji. Na kunna rediyona, wani direban jirgi yana ƙorafin sigina.

Halina ta tashi. Takalmina ta ɗauko ta ajiye a gabana.

Na tsallaka titi. Ban taɓa lura da yadda kicin ɗin Waldek yake ba. Kujera ɗaya, kofi ɗaya, faranti ɗaya a wurin shanya. Tun da matarsa ta rasu haka yake zaune. Rediyon yana jingine da gwangwanin sukari, shi kuma ya dafe tebur da hannu biyu. Bai yi min tsiya ba. Ya tashi ya ba ni kujerar, ya jawo bokiti ya kife ya zauna.

Na ji muryarta. Mako biyar rabona da ita a rediyo. Tas take fita, amma siririya, kamar daga cikin gwangwani. Tana cewa iska ta juya, suna ja da baya zuwa hanyar yashi. Sai shiru. Wani ya ce mutum ɗaya ya shaƙi hayaƙi, a turo motar asibiti ta gefen gada. Ba a faɗin suna a tasha, ni na sani, ni na koya wa rabinsu haka.

"Suruki, me ake nufi da ja da baya? Abin ya yi muni ne?"

Na yi masa bayani. Ina hanyar yashi take, me ya sa can ne daidai, me zan yi da ni ne a sitiyari. Yana ta gyaɗa kai. Sai a lokacin na gane yana jin kowace kalma amma rabi bai san ma'anarta ba. Minti ashirin da biyu allon bai nuna sunanta ba. Na ƙirga a agogon murhunsa.

Da ta dawo tana neman ƙarin ruwa, Waldek ya tashi ya shiga banɗaki ya daɗe.

Wajen ƙarfe shida suka koma gareji. Ta ba da rahoto, mota ta dawo, mutum shida, ɗaya yana asibiti ana duba shi. Na miƙe zan tafi, sai Waldek ya ja tsaki.

"Ka gani ko? Ya sake. Kullum sai ya yi haka. In ta gama rahoto sai sunanta ya haska sau biyu, babu murya. Na rubuta wa Bajamushen da ya sayar min, wai in aika masa ya duba."

Na ce tun yaushe.

"Tun ranar da na kunna shi. Kowace fita."

Na ce masa sai da safe, alhali rana ba ta faɗi ba.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Na buɗe tasha ta huɗu. Halina ta leƙo jin gurnanin, ta dube ni, ta rufe ƙofar kicin ta bar ni da shi.

Da rana suka fita kashe ragowar kututture masu hayaƙi. Awa biyu ina zaune da drrrr. Dogo, gajere, dogo. Can bayan wani dogo sai aka ɗan yi shiru. Drr. Drr.

A nan yake tun ranar farko. Ni na toshe.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Ta zo da gira ɗaya a babbake. Ina taya ta wanke kwanuka na ce, kamar ba komai, ashe har yanzu tana dannawa.

"Me zai hana? Ai na san ƙarar tana zuwa maka ko ba ka jin magana. Kai ka koya min rediyo." Ta miƙo min faranti. "Ko sun kulle a kaka, wannan ba ya kulluwa. Kana ji dai ko?"

Na ce ina ji.

Halina tana bayanmu tana goge tebur. Ba ta tona ni ba. Amma ta goge wuri ɗaya ya fi sau goma.

Talata, 16 ga Afrilu

Na mayar da kwalin. Ta ƙofar Waldek na bi, yana gyaran shinge. Ya ga kwalin, ya karanta sunan da ke jiki, ya ɗaga kai ya dube ni. Na jira tsiyar. Sai ya ce wai ƙusoshin bana ba su da kyau.

Na ce kada ya aika wa Bajamushe nasa, lafiyarsa lau. Ya ce to hasken fa? Na ce ba lalacewa ba ce, ya bar shi haka.

Asabar, 4 ga Mayu

Ranar Waliyyi Florian, ranar 'yan kwana-kwana. Ana tsakiyar cin tsiran alade a gareji aka kira su, wata mota ta faɗa rami a hanyar gari. Suka tafi da kayan faretinsu.

Na ce wa Waldek in yana so ya kawo nasa gidana, eriyata ta kan rufi ta fi tasa tsawo. Gaskiya ce, ta fi. Muka jera su a kan firji, nasa yana magana, nawa na rage masa murya yana gurnani a hankali. In ya ji abin da bai gane ba ya tambaya. Tambayarsa ta yi yawa.

Da suka dawo gareji sunanta ya haska sau biyu, nawa ya yi drr, drr, lokaci guda. Waldek ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dube ni.

Na faɗa masa. Ban yi niyya ba.

Ya ce, "To naka ne, suruki. In na ga hasken zan kau da kai."

Na ce kada ya zama sakarai, ya duba abinsa.

Har yanzu ina ganin allon nan ya cika launi, kuma muryar tana fita kamar daga gwangwani. Na ɗauko kujera ta uku daga ɗakin baƙi na ajiye kusa da firji. Saboda eriya ne.