Ƙusar Habibu a Bangon Kafil

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da Malam da yara. Ya ƙafarki? Mu nan Doha lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Kafil ɗin Habibu, wato ubangidansa na wurin aiki, ya sa shi rataya fitilun Sallah a tsohon gidan kakan shi kafil ɗin. Gidan dutse ne da farar ƙasa, ba a taɓa bangonsa, a katakon rufi ake ɗaura waya. Ba wanda ya gaya wa ɗanki haka. Ya buga ƙusa kamar a gida, shafen bango ya ɓantaro, faɗin faifai. Na ce, "Kai Habibu, da ka tambaya!" Ya ce, "Umma, ƙusa ce fa guda ɗaya."

Kafil ya duba, ya ce sai bayan Sallah za su yi maganar aikinsa. Mutane na tsayawa ɗaukar hoton fitilun, ni kuwa ramin kawai nake gani.

Ki sa Malam ya yi masa addu'a kada a sallame shi. Ki gaishe da Inna, amma kada ta ji tukuna.

Ƙanwarki,
Rabi