Ranar da Baba Ya Kashe wa Shafa'atu Waya

Zuwa ga Yaya Nasrullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan Bagudo lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa.

Yaya, autarmu Shafa'atu ta fitar da mu kunya! Ka tuna tana ƙarama in mun je Lolo, yadda take damun kowa da tambayar me ya sa wayar Baba ke komawa layin Benin da an matsa bakin iyaka? Daga nan fa abin ya soma. Ta koma kwance wayoyin mutane har Inna na ɓoye tata cikin buhun gero. A jami'a ta ce gyara ya ishe ta, hanyar da saƙo ke bi take son sani. Da ta gama kuma sai ga ta a aikin tsaron intanet, wai kamfani ke sa ta ta gwada kutsa musu don a toshe kafa kafin ɓarayi su gano. Duk wannan Baba bai taɓa kiransa aiki ba, taɓe-taɓen waya yake cewa.

To, watan jiya wani ya kira Baba, ya gaishe shi tsaf, ya tambayi gona da iyali, sannan ya ce ana rajistar manoman shinkafa, ya karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarsa. Ka san Baba, ba ya iya hana wanda ya iya gaisuwa. Kafin la'asar an ƙwace WhatsApp ɗinsa, ana tura wa manoman ƙungiyarsu maganganun banza da sunansa, har da abokan hulɗarsu na tsallaken iyaka. Wallahi na yi kuka. Mutumin da ya shekara goma sha biyu yana shugabancin ƙungiya, sai ga shi an sa ranar tsige shi, wasu ko gaisuwarsa ba sa amsawa a masallaci.

Shafa'atu ta taso daga Abuja. Cikin kwana biyu ta dawo masa da WhatsApp ɗinsa, ta tsaya gaban dattawan ƙungiyar a garin Tsamiya ta nuna musu dalla-dalla cewa daga wata waya aka turo saƙonnin. Malam Maliki, wanda ya fi kowa zafi, shi ya fara tashi ya ba Baba hannu, aka janye maganar tsige shi. Yanzu kuma wai ra'ayinta ya sake juyawa, ta ce koyar da irin su Baba ya fi mata daɗi, duk wata za ta riƙa zuwa tana zama da manoma.

Jiya ta ari wayar maƙwabta, ta sauya murya, ta kira Baba ta zuba masa gaisuwa kamar ta gaske, sannan ta nemi lambobin. Ina zaune kusa da shi. Ya amsa gaisuwar har ƙarshe, ya ce 'yarsa ma'aikaciyar tsaro ce kuma ta hana, ya kashe wayar. Ma'aikaciya fa, Yaya, da bakinsa! Tana bayan ɗaki tana ji, ta fito tana dariya tana share hawaye.

Ka gaishe da Anti Mashkura da su Saifuddeen da Lami. Inna na sa muku albarka. Baba ya ce in ka kira ka fara faɗin sunanka.

Ƙanwarka,
Munira