Ku Zo Ku Bincike Ni Kafin Kwamiti Ya Zauna

Zuwa ga Shugaban Masu Binciken Kuɗi na Ma'aikatarmu,
Sakkwato.

Ranka shi daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya dace da kujerarka, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Ni ne Malam Sani, ma'ajin ofishin fatu da ƙiraga, mai karɓar kuɗin awo da na lasin daga hannun fataken fata. Na san ba ka san ni ba, kuma wanga rashin sani shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na rubuto maka ta hannun masinja, na sake rubutowa, ko tari ban ji ba, shi ya sa na kawo maganar jarida kowa ya ji. Ba ƙarar kowa na kawo ba. Roƙo nake yi a zo a bincike ni, don ƙarin girmana na ƙarshe kafin ritaya a kan wannan ya rataya.

Na ɗaya, ga yadda muka saba. Tun ina ƙaramin akawu zamanin En'e, duk shekara masu bincike sai sun zo, ba fashi. Su share kwanaki suna bin rasiɗi ɗaya bayan ɗaya, su buɗe akwatin ƙarfe su duba har ƙasansa. Akwai wani dattijo a cikinsu, Allah shi jiƙan shi, ko furar da maiɗakina ke aikowa ba ya taɓawa sai ranar da ya sa hannu. Ranar kuwa sai ya shanye ƙwarya guda, ya goge baki, ya ce a gai da uwargida. Muna jin tsoronsu, ba ƙarya. Amma idan suka tafi, mutum yana da takarda a fayil ɗinsa mai cewa an duba shi an same shi daidai. Da irin waɗannan takardu aka ɗaga ni daga akawu zuwa ma'aji, lokacin da fatar jar akuya ke da daraja kuma ba a raina ofishinmu.

Na biyu, ga abin da kuka sauya. Da kuɗin mai suka kwararo, kuka fitar da sabuwar ƙa'ida. Kuka ce kuɗi sun yi yawa, masu bincike ba su da yawa, don haka ba za a ƙara bin kowa da kowa ba. Za a fara auna inda ya fi yiwuwa a yi ɓarna, a tattara ƙarfi a can. Ofishin da haɗarinsa ke da girma a sa masa jan tambari, a riƙa zuwa masa a kai a kai. Wanda haɗarinsa ba shi da yawa a sa masa kore, a je idan an samu sarari. Wani jami'inku ya zo mini da takardar tambayoyi tsakanin azahar da la'asar. Ya tambayi yawan abin da ke shigowa, na ce kaɗan ne yanzu. Ya tambaya ko muna ba da kwangila, na ce a'a. Ya tambaya ko an taɓa samun giɓi, na gyara zama, na ce tun da aka ba ni mabuɗi ba a taɓa ba. Ko kallon akwatin ƙarfen bai yi ba, ya rubuta, ya tafi.

Da takarda ta fito aka ce ni kore ne, wallahi murna na yi. Na sa aka yanka zakara a gida, na kai labari majalisarmu ta ƙofar masallaci a Unguwar Rogo, ina cewa gwamnati da kanta ta shaida ni. Ashe sallama ce aka yi mini ban sani ba. Yau shekara ta uku ke nan ko inuwar mai bincike ba ta faɗo ƙofata ba.

Na uku, kuma a nan ne maganar take mini ɗaci. Akwai Umaru. Ba sai na faɗi sunan mahaifinsa ba, duk ma'aikatar an san shi. Katanga ɗaya ta raba gidajen iyayenmu, allo ɗaya muka wanke, rana ɗaya aka ɗauke mu aiki. A makaranta ni ke gaba da shi a lissafi, ya musa in ya iya. Da aka raba wurare, ni aka bar ni a fatu, shi aka kai shi ofishin biyan 'yan kwangila. Ranar da aka sa masa jan tambari har jaje na je na yi masa, na ce Allah shi fid da shi lafiya.

To ga jajen da na yi. Saboda shi mai haɗari ne, aka kawo masa sabon akwatin ƙarfe wanda sai da ƙarti suka taru kafin a shigar da shi. Saboda shi mai haɗari ne, aka ƙara masa akawuna, aka ba shi injin lissafi mai aiki da lantarki, aka tura shi kwas Kaduna don ya iya sabon tsari. Masu bincike suna zuwa masa kamar gidan biki, kowane zuwa su bar masa takardar yabo, fayil ɗinsa har ya yi ciki. An ɗaga shi, an sake ɗaga shi, an ba shi rancen mota, yanzu gini yake yi a Mabera. Ni kuwa fankar ofishina ta tsaya tun bara. Na rubuta a gyara, aka ce kayan aiki sai an gama da wuraren da ke da haɗari.

Ban ce Umaru ya ci ko kwabo ba. Na san shi, ba ya ci, kuma da yana ci da na fi samun sauƙi a raina. Abin da nake tambaya shi ne, da me ya fi ni? Gaskiyar da yake da ita ina da ita. Bambancin kawai shi ana zuwa a gani, ni ba a zuwa.

Ran nan babur ɗina ya mutu a Gidan Igwai, ina tura shi cikin rana, sai ga farar mota ta tsaya. Umaru ne, ya sauke gilashi ya ce in bar babur wurin mai faci, in shigo ya rage mini hanya. Na ce masa na gode, motsa jiki nake yi. Ya tafi, na tsaya ina jin kamar in kwanta a bakin titi. Wannan bai ishe ni ba, sai ranar sunan jikansa. Maroƙi ya tashi a tsakiyar mutane yana yi masa kirari da mai hannun da aka bincika aka gaji, wanda odita ya zo ya koma da kunya. Ina zaune a tabarma ta biyu, duk a kunnena. Da na koma gida na ba maiɗakina labari, ita ma ba ta rage mini ba. Cewa ta yi, "Kai wanga aiki naka, ko tuhumarka ba a yi, balle a wanke ka."

Ranka shi daɗe, ba zan ɓoye maka ba, ƙyashi nake ji. Na je wurin limaminmu na tambaye shi, ya ce hassada ita ce mutum ya so ni'ima ta gushe daga ɗan'uwansa, idan dai irinta kake so wa kanka ba laifi. Na ce to ni irinta nake so. Haka na faɗa masa, kuma yawancin kwanaki haka ɗin ne. Amma akwai ranakun da idan na ga motocin masu bincike jere a ƙofar Umaru, sai in kawar da kai in yi ta istigfari har in isa ofis. Mutum mai furfura kamata bai kamata tsarin gwamnati ya jefa shi cikin wanga hali ba.

Na huɗu, ga inda aka yi kuskuren. Ni ba na jayayya da sabuwar ƙa'ida. Wanda ke da makiyayi ɗaya ai garken da ya fi yawa zai tura shi, wannan ko yaro ya sani. Amma kun sauya ƙa'idar bincike, ba ku gaya wa masu ƙarin girma su sauya tasu ba. Har gobe dokarsu tana nan: ma'aji ba ya hawa sai da rahoton bincike na kusa-kusa. Bara na kai takarduna, aka dawo mini da su aka ce rahotona ya tsufa. Na zo ofishinku neman sabo, aka ce ni kore ne, ba na cikin jerin bana. Na koma can, aka ce in dawo nan. Ku kun ce ba a zuwa wurina don an yarda da ni, su sun ce ba a ɗaga ni don ba a zo wurina ba. A zamanin nan da soja ke duba fayil su ga wanda ba shi da amfani, ka san abin da fayil marar komai ke nufi.

Na biyar, wannan ina so ka karanta shi sau biyu. Wani abokin aiki, wanda ba zan ambata ba, ya ja ni gefe ya ba ni shawara. Ya ce in ɓatar da littafin rasiɗi guda, in kai rahoto da kaina, nan da nan za a mayar da ni ja, masu bincike su zo, daga baya in tsinci littafin a bayan kabad. Ya ce wasu sun yi, sun ga amfaninsa. Na ce masa Allah shi kiyaye. Amma ka duba, ranka shi daɗe: ƙa'idar da aka yi don rage haɗari ta kai inda mai gaskiya sai ya ƙirƙiro wa kansa haɗari kafin a san yana raye. Ni na ƙi. Wanda zai gaje ni a kujerar nan, ya kuma san ba mai zuwa, ban san abin da zai yi ba.

Abu na ƙarshe shi ne ya hana ni haƙuri. Kwamitin ƙarin girma zai zauna bayan babbar salla, kuma shi ne zama na ƙarshe da zai same ni a bakin aiki. Matakin da na fita da shi, a kansa za a yanka mini fansho har in mutu. Makon jiya aka fitar da sunayen 'yan kwamitin, Umaru yana ciki. Shekaranjiya ya zo gidana da kansa, ya cire takalmi, ya zauna a zaure inda muke zama muna yara. Ya ce kada in damu da maganar rahoto, shi zai tashi ya shaide ni, zai roƙi sauran su ɗaga mini ƙafa saboda zumunci. Da zuciya ɗaya ya faɗa, na ga haka a fuskarsa. Na yi masa godiya, na raka shi har mota. Da na dawo, maiɗakina ta ajiye mini tuwo, har ya huce ban taɓa shi ba.

Don haka ga roƙona. A aiko masu bincike ofishin fatu da ƙiraga kafin salla, a zaɓo waɗanda suka fi tsanani, su bi komai tun daga ranar da aka daina zuwa. A kuma daidaita da masu ƙarin girma, ko dai a riƙa leƙa koren ofis lokaci-lokaci, ko a karɓi koren tambarin a matsayin shaida, don ba ni kaɗai ke cikin wanga rami ba. Idan an sami giɓin ko sisin kwabo, a kore ni, a faɗi sunana a rediyo, na yarda. Idan ba a samu ba, layi ɗaya nake so a rubuta, a sa hannu, a saka a fayil ɗina. In kuwa ba za a zo ba, to a sanar da ni da wuri in janye takarduna. Na gwammace in fita da ƙaramin mataki, da in ci fanshon da za a ce Umaru ne ya roƙar mini.

Allah shi ƙara maka girma da lafiya, shi ba ka ikon yin adalci tsakanin na kusa da na nesa, shi sa ka gama da kujerarka lafiya. Ni kuma Allah shi wanke mini zuciya a kan ɗan'uwana, don na gaji da ɗaukar abin da ke cikinta.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Sani Ma'aji,
Unguwar Rogo, Sakkwato.